Awon kitse da kofuna 8: nazarin yadda wani kocin gudu ya rabu da jami'arsa a Colorado

A watan Yunin 2024 wata babbar jami'a da ke garin Boulder, a jihar Colorado ta Amurka, ta sanar cewa ba za ta sabunta kwantiragin kocinta na gudun dogon zango ba. Tun 1995 yake riƙe da ƙungiyar. Ya ciyo mata kofin ƙasa sau 8, ɗalibansa sun je gasar Olamfik sun dawo da lambobi. Amma har yau bakin tsofaffin ɗalibansa bai zo ɗaya a kansa ba. Wasu na cewa shi ya mayar da su mutane, wasu na cewa a ƙungiyarsa suka koyi tsoron abinci. A nan za a riƙa kiransa da kocin kawai.

Wurin da tsarin gasar

Boulder na gindin duwatsun Rocky, kimanin mita 1,650 sama da teku. A irin wannan tudu iskar da huhu ke samu ba ta kai ta bakin teku ba, don haka jikin wanda ya zauna can yakan ƙara jajayen ƙwayoyin jini, idan ya sauko gasa a ƙasa sai ya ji numfashi ya wadace shi. Abin da ke kai 'yan gudu garin Iten na Kenya ke nan, shi ne kuma ya tara su a Boulder.

Wasan da ƙungiyar ta yi suna a kai shi ne tseren ƙetare daji, wanda ake yi da kaka a kan ciyawa da taɓo, hawa da gangara. A gasar ƙasa da hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ke shiryawa duk Nuwamba, maza na gudun kilomita 10, mata kuma kilomita 6 tun daga 2000. Kowace jami'a na sa mutum 7, ana ƙirga makin biyar na farko. Matsayin da mutum ya zo shi ne makinsa, ƙungiyar da ta fi ƙarancin maki ita ke ɗaukar kofi. Tauraro ɗaya ba ya ciyo wannan kofi, sai an tara gwanaye biyar masu lafiya a rana guda. Koci ne kuma ke zaɓen bakwan da za su yi tafiya.

Akwai maganar kuɗi. A tsawon waɗannan shekaru NCAA ta ƙayyade tallafin karatu na wasannin guje-guje da tsalle-tsalle gaba ɗaya a kan gurbi 12.6 ga maza, 18 ga mata. Gurbin ba ya isa, sai a yanka shi gunduwa-gunduwa, wannan ya samu rabi, wancan rubu'i, kuma masu horarwa ke rabon. Kafin Oktoban 2018, ɗalibin da ke son komawa wata jami'a sai ya nemi izinin wadda yake ciki kafin waccan ta yi masa maganar tallafi. Yarinya 'yar shekara 18 da ta baro gidan iyayenta ta tarar mutum ɗaya ke riƙe da horonta, da tafiyarta gasa, da wani kaso na kuɗin makarantarta.

1992 zuwa 1998: kafuwar tsarin

Kocin ɗan jihar New Jersey ne, a makarantar sakandare ya fara horarwa. A 1992 ya shiga ƙungiyar jami'ar a matsayin mai aikin sa-kai, a Nuwamban 1995 aka damƙa masa ragamarta.

Tsarinsa ya samo asali daga koyarwar Arthur Lydiard, kocin New Zealand da ya horar da Peter Snell har ya ci zinare a Olamfik na 1960 da 1964. Ginshiƙin koyarwar shi ne a shafe watanni ana tara dogon gudu kafin a taɓa gudun sauri. A Boulder manyan maza kan kai wajen kilomita 160 a mako, galibi a fita ɗaya kowace rana, ba a raba ta safe da yamma. Ranar Lahadi a hau mota zuwa wata hanyar ƙasa mai suna Magnolia, sama da mita 2,400, a yi dogon gudun mako a can, duk hawa da sauka.

An kuma san shi da wani abu: lokacin da jami'o'i da dama ke zuwa Kenya da sauran ƙasashe ɗauko waɗanda suka riga suka goge, shi ya fi dogara ga yaran gida. Wannan ya jawo masa farin jini a Amurka. Ya kuma nuna cewa a filin horo zai ƙera gwanayensa, don haka nauyin horon bai zama abin wasa ba.

A kakar 1998 wani marubuci ya zauna da ƙungiyar maza daga farko har ƙarshe, littafinsa ya fito a 2000 ya zama abin karatun matasan 'yan gudu. A cikinsa an ga ɗalibai na faɗuwa da rauni ɗaya bayan ɗaya, an ga yadda maganar nauyin jiki ke yawo a fili tsakanin koci da ɗalibai, an ga mutuwar ɗaya daga cikinsu a haɗarin keke a tsakiyar kakar. Ƙungiyar ta zo ta uku a ƙasa, ɗalibinsa Adam Goucher ya zo na ɗaya. Masu karatu a lokacin jarumta suka gani. Raunukan an ɗauke su a matsayin kuɗin shiga, babu wani mataki da ya biyo baya.

2000 zuwa 2018: shekarun kofuna

Mata suka fara ciyo kofi a 2000. Maza suka biyo a 2001. A 2004 maza da mata suka ɗauka a rana ɗaya. Maza suka ƙara a 2006, 2013 da 2014, mata suka rufe da na 2018 a garin Madison, cikin dusar ƙanƙara. Ban da kofin ƙungiya, ɗalibansa sun zo na ɗaya a tseren: Kara Goucher a 2000, Jorge Torres a 2002, Dathan Ritzenhein a 2003, Dani Jones a 2018. A Olamfik na Rio a 2016, Emma Coburn ta ci tagulla a gudun mita 3,000 mai tsallake shinge da ruwa, Jenny Simpson ta ci tagulla a mita 1,500. Dukansu a hannunsa da na mataimakiyarsa suke horo a lokacin, kuma babu Ba'amurkiyar da ta taɓa cin lambar Olamfik a waɗannan tsere biyu kafin su.

Rauni bai bar taurarin ma ba. Ritzenhein ya rasa kakar 2002 saboda tsagewar ƙashin cinya, ya dawo ya ci gasa a 2003, a 2004 kuma ya je Olamfik na Athens da tsagaggen ƙashi a ƙafa, bai iya ƙarasa tseren mita 10,000 ba.

A cikin wannan zango ne awon kitse ya zama wani ɓangare na rayuwar ƙungiyar. Masaniyar abinci ta sashen wasanni ke yin sa. Da wani ƙarfe mai baki kamar awartaki ake matse fata a wurare bakwai na jiki, irin su bayan damtse, ciki da cinya, a auna kaurin kowane wuri da milimita, a tara jimla. Lamba ɗaya ke fitowa. Hujjar da jami'o'in Amurka da dama suka kawo awon da ita mai kyau ce: maimakon koci ya dubi yarinya da ido ya ce ta yi ƙiba, gara ƙwararre ya auna, kuma lambar za ta iya tona wanda ya rame fiye da kima. Awon kansa yana da kuskure, domin hannun mai matsewa da wurin da ya kama suna canja sakamako.

Ilimin likita game da haɗarin bai zama sabo ba. Tun 1992 likitocin wasanni a Amurka suka ba da suna ga abubuwa uku da ke tafiya tare a jikin 'yan wasa mata: ƙarancin ci, ɗaukewar al'ada, da raunin ƙashi. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya faɗaɗa bayanin ya kira shi RED-S, wato ƙarancin kuzarin abinci a jikin ɗan wasa, ya ce maza ma yana kama su. Yadda abin ke faruwa a sarari yake. Idan abin da mutum ke ci bai biya kuɗin gudunsa ya bar wa jiki saura ba, jiki sai ya fara rufe ayyukan da yake ganin za su iya jira. Sinadaran haihuwa su ragu, al'ada ta ɗauke, ƙashi ya daina ginuwa ya soma zaizayewa. Ƙafar da ke dukan ƙasa kilomita 100 a mako a kan irin wannan ƙashi, tsagewa ce ƙarshenta. Shekarun jami'a kuwa su ne na ƙarshe-ƙarshe da jiki ke tara ƙarfin ƙashin da zai rayu da shi har tsufa.

Abin da ke rufe ido shi ne a watannin farko ramar takan biya. Jiki ya yi sauƙi, lokacin gudu ya inganta, a yaba wa yarinya, ta ƙara matse ciki. Karayar sai daga baya take zuwa, wani lokaci bayan shekara guda ko biyu, a lokacin da ba mai haɗa ta da ranar awo.

An gwada kariya daga sama. A Janairun 2016 manyan rukunonin jami'o'i, ciki har da wanda wannan jami'a take, suka amince da dokar da ta ba likitocin ƙungiya ikon yanke hukunci kan lafiyar ɗan wasa ba tare da koci ya sa baki ba. Dokar ta shafi wanda ya ji rauni da lokacin dawowarsa fili. Ba ta haramta awon kitse ba, ba ta kuma faɗi wanda zai ga sakamakonsa ba.

2019 zuwa 2021: gobara a maƙwabta

A Nuwamban 2019 Mary Cain, 'yar gudun da ta yi tashe tun tana sakandare, ta fito a wani bidiyo na jaridar New York Times ta ce kocinta Alberto Salazar ya matsa mata ta rage nauyi har al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye. Wata guda kafin nan kamfanin Nike ya rufe ƙungiyar Salazar da ke jihar Oregon bayan an dakatar da shi shekara 4 kan laifin da ya shafi ƙwayoyin ƙara kuzari. A Oktoban 2021 wasu mata shida da suka yi wasa a Jami'ar Oregon suka shaida wa wata jaridar jihar cewa awon jiki da na'urar DEXA, mai ɗaukar hoton jiki ta auna kitse da ƙashi, ya jefa su cikin matsalar cin abinci. Jami'ar ta sauya ƙa'idarta, a 2022 kuma ba ta sabunta kwantiragin kocinta ba.

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Boulder awon ya ci gaba.

Akwai wani abu da ya ƙara rikita lamarin. Kara Goucher, ɗaya daga cikin waɗanda suka tona asirin Salazar, da ta bar jihar Oregon wurin tsohon kocinta na Boulder ta koma, kuma a hannunsa ta zo ta huɗu a gasar zaɓen 'yan gudun fanfalaki na Olamfik a 2016. A idon jama'ar wasan, Boulder ce mafakar wanda aka zalunta a wani wuri.

2022: ƙorafi a rubuce

Wata tsohuwar 'yar ƙungiyar ta bi abokan wasanta ɗaya bayan ɗaya, ta tattara bayanan mutum fiye da goma a rubuce, ta miƙa wa hukumar jami'a. Ƙorafin ya ambaci kocin, da mataimakiyarsa, da masaniyar abincin. Jigonsa shi ne lambar awo ta tashi daga bayanin lafiya ta zama ƙofa: ɗalibai sun ce sakamakon na shafar ko za a bar mutum ya yi horo ko ya shiga gasa, kuma hakan ya tura wasu ga yunwatar da kai. Jami'a ta kafa kwamitin bincike ta dakatar da awon. Kafin shekarar ta ƙare mujallar Runner's World ta buga labarin, magana ta fita daga harabar makaranta.

Nan take tsofaffin ɗalibai suka rabu biyu. Wasu fitattu, har da waɗanda suka je Olamfik, suka fito suka kare shi. Suka ce ba su taɓa jin an matsa musu kan abinci ba, gudu a wannan mataki dama da zafi yake, kuma wanda ya zo neman kofin ƙasa bai zo hutu ba. Masu ƙorafin suka ce ba a ƙungiya ɗaya suka zauna da waɗancan ba, ko da rigar ɗaya ce: yadda ake tafiyar da mai cin gasa daban, yadda ake tafiyar da mai jinyar ƙafa a bayan layi daban.

2023: rahoton

A watan Yuni rahoton ya fito, bayan an zanta da gomman 'yan wasa da ma'aikata, na da da na yanzu. Ya tabbatar da cewa awon kitse ya cutar da adadi mai yawa na ɗalibai, musamman mata, kuma yanayin ƙungiyar bai kasance mai lafiya ga wasunsu ba. Ya kuma rubuta cewa da yawa daga waɗanda aka zanta da su alheri suka faɗa. Jami'a ta karɓi rahoton ta yi alkawarin tsaurara ƙa'idar awo da ƙara sa ido. Ba a kori kowa ba. Kocin ya ci gaba da aiki a kan kwantiragin da zai ƙare ranar 30 ga Yunin 2024.

Babu ɓangaren da ya gamsu. Masu ƙorafi suka ga an amince an cutar da su amma kowa na kan kujerarsa. Masu kare shi suka ga an shafa wa aikin shekara kusan 30 baƙin fenti. A gasar ƙasa ta Nuwamban 2023 maza da mata duk ba su kusanci kofi ba.

2024: ƙarshen kwantiragi

Sanarwar jami'a ta gode masa, ta yi maganar buƙatar sabon shugabanci. Ya tafi tare da mataimakiyarsa, yana da kimanin shekara 70. A watan Yuli aka ɗauko sabon koci daga Jami'ar Tennessee, a watan Agusta kuma jami'ar ta koma rukunin gasa na Big 12 da ta bari a 2011.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

A ganina ɓangarorin biyu gaskiyar abin da suka gani suka faɗa, kuma wannan ne ya sa lamarin ya daɗe bai fito ba. Tsarin horon tamkar tankaɗe yake. Garin da ya sauka a ƙwarya shi ake gani a kan dandamalin karɓar kofi, shi 'yan jarida ke tambaya, shi ke dawowa taron tsofaffin ɗalibai. Tsakin da ya rage a rariya yakan bar ƙungiya shiru, sau da yawa yana ganin laifin jikinsa ne. Maki biyar kawai ake ƙirgawa a Nuwamba, babu allon da ke nuna na goma sha biyu da ke tafe da sanda. Shaidar taurari ba ƙarya ba ce, amma shaidar waɗanda tsarin ya karɓa ce.

Kawo masaniyar abinci da awo bai magance komai ba, ya ma ƙara wa matsalar ƙarfi. Maganar koci ta fatar baki ana iya musa ta ko a share. Lamba a takarda da ƙwararre ya rubuta ba ta musuwa ga 'yar shekara 19, kuma muddin tana jin lambar na da alaƙa da wanda zai zaɓi bakwai, kiran awon na ganin dama bai da ma'ana. Wa zai ce ba ya so, alhali wanda yake gogayya da shi a kan gurbi ya yarda? Dokar 2016 ma ba ta kai ga wurin ba, domin ta tsaya a kan raunin da ya riga ya faru, shi kuwa ciwon a faranti yake farawa.

Abin da ya motsa jami'a shi ne haɗuwar bayanai. Mutum ɗaya da ya yi kuka ana iya cewa bai jure ba ne, ko haushin rasa gurbi yake ji. Mutum fiye da goma daga shekaru daban-daban, kowa da rubutunsa, suna nuna abu guda, ba a iya yi musu wannan fassara. Kusan duk sun riga sun bar ƙungiyar, ba su da tallafin da za a taɓa. Labarin Mary Cain da na Oregon sun ba su kalmomin da za su bayyana abin da ya same su, jarida kuma ta hana a binne rahoton a aljihun tebur.

Cikin matakan da aka ɗauka, dakatar da awon ne ya taɓa tushen matsalar kai tsaye, kuma bai ci wa jami'a ko sisi ba. Ana iya yin sa tun 2019, ko a 2021 bayan na Oregon. Rashin sabunta kwantiragi kuwa ya raba gardama ne a kan takarda kawai. Jami'a ba ta ce hukunci ba ne, don haka masu ƙorafi ba su samu amsa ƙarara ba, shi ma kocin bai samu wankewa ba. Ina ganin nauyin da ke kan hukumar jami'a bai gaza nasa ba, domin ita ta bar zaɓen 'yan wasa da rabon tallafi da bayanin jikin ɗalibai suka kusanci juna haka, ta kuma yi shekaru tana duba kofuna kawai.

Gwanintarsa a horo ba abin musu ba ce, kofuna 8 da lambobin Rio na nan. Amma ilimin haɗarin yana hannun likitocin wasanni tun shekarar da ya fara aiki a Boulder, kuma mutumin da ya san yadda ake gina huhu da ƙafa har haka ba za a ce labarin ƙashi bai iso masa ba. A Satumban 2023, wata uku bayan rahoton, kwamitin Olamfik na duniya ya sabunta matsayarsa a kan RED-S. A ciki ya ba da shawarar a ɗauki sakamakon awon jiki a matsayin sirrin lafiya, a yi shi da yardar ɗan wasa, kuma kada a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba sai da dalilin likita.